Jar Mota da Igiyar da Ta Rage

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aji uku na kai, malamin lissafi ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Karatun da na yi a duniya na sitiyari ne. Na yi yaron mota, na zama direba, na yi ta jigila tsakanin Daura da Damagaram har gemuna ya yi fari, sannan 'ya'yana suka taru suka ce in huta. Hutun nan ne ya ja mini.

A Damagaram na gano motar, a bayan gidan wani tsohon ma'aikaci, kaji suna ƙwai a kan kujerunta. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci, ga ta a ƙasa ƙwarai, in ka zauna ciki sai ka ji kamar a tabarma kake. Irin motocin nan ne da Turawa suka ƙera tun muna samari don gudu kawai. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Na ɗoro ta a bayan babbar mota na sauke ta a ƙofar gidana, can wajen Kusugu. Mai ɗakina ta leƙo daga zaure, ta dube ta daga hanci har wutsiya, ta ce, "Malam, wannan akurkin na kajin wa?"

Bakaniken da ya karɓi aikin taubashina ne, ɗan gwaggona. Tare aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar ba mu daina zagin juna ba. Ya buɗe bonet ya ga injin asali ya daskare kamar dutse. Ni kuwa ba tayar da ita kawai nake so ba, so nake ta fi yadda masu ita suka ƙera ta. Muka samo injin Kwatano mai fulogi shida, muka yanka nan, muka yi walda can, har ya zauna. Muka sa mata salansa mai faɗin baki, muka sauya birki da shokozoba, muka sa tayoyi masu kauri. Lagireto ne kaɗai muka bar mata na da, shi da tiyonsa. Taubashina ya ce ai ruwa ruwa ne, ko a ina aka zuba shi.

Sai ga inda muka tsaya. Injin nan na zamani ne, ba shi da kafireto. Injekta gare shi, kuma injekta ba ta fesa mai sai an ba ta umarni. Mai ba da umarnin wani ɗan akwati ne da kanikawa ke kira birenbos, shi ke faɗa wa inji yawan man da zai sha da lokacin da wuta za ta kama. Namu injin ba da akwatinsa ya zo ba. Motar ta zauna a ƙofar gida tana sheƙi, awaki suna hawa kanta suna hutawa.

Muna da majalisa a gindin wata darbejiya, inda tsofaffin unguwa ke zama bayan la'asar. Ran nan aka sa ni a gaba. Wani ya ce in ba shi aron motar ya shanya kuɓewa. Wani ya ce 'yan gwangwan sun zo sun taya, ba su same ni ba. Taubashina da ya kamata ya kare aikin hannunsa, shi ne ya ce ko rijiyar Kusugu motar nan ba za ta zagaya ba. Na ce garin Babban Mutum zan je da ita, can bakin iyaka. Aka fashe da dariya, har mai shayi ya ajiye buta yana riƙe ciki. Jinina ya hau. Na miƙe tsaye, na ɗaga yatsa, na ce, "In motar nan ba ta kai ni Babban Mutum ta dawo da ni gindin bishiyar nan da ƙafarta ba, ba turi, ba ja, ba mutuwa a hanya, kafin a ga watan azumin bana, to matata ta saku!"

Dariyar ta ɗauke ɗif. Kowa a wurin ya san abin da ni na manta a lokacin. Igiya biyu sun riga sun tafi tun muna da ƙuruciya, a kan abubuwan da yau ni da ita ko tuna su ba ma iya yi. Ɗaya ce ta rage, ita muka riƙe muka aurar da 'ya'ya, muka ga jikoki. Kuma na'ibin limaminmu yana zaune a wurin, da kofin shayi a hannu.

Washegari na sammaka gidan liman. Na durƙusa na ce wasa nake yi, in akwai kaffara a faɗa mini in yi. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Da da sunan Allah ka rantse, da sai ka ciyar da miskinai ka huta. Wannan kuwa aurenka ka ɗauka ka rataya a jikin ƙarfe. Saki ba ya karɓar wasa. In sharaɗin ya cika kana nan da iyalinka, in bai cika ba ta haramta gare ka." Lokacin Shari'a ta zauna sosai a jiharmu, ba magana ce da za a binne a majalisa ba. Ko mu mun yi shiru, sai ta kai kunnen alƙali.

Mai ɗakina kuwa labari ya riga ni shiga gida. Na tarar ta shimfiɗa tsohon zani a tsakar gida tana jera kwanukanta a kai, ƙanana cikin manya. Na tsaya ina gyaran murya.

"Hajiya, fushi ne?"

"A'a, Malam. Shiri ne."

Ta ƙulle zanin ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofar ɗakinta, inda duk shiga da fita sai na yi tuntuɓe da shi.

Na koma gareji na kama rigar taubashina. Ya ce in kwantar da hankalina, in ma Hajiya ta saku ba za ta wulaƙanta ba, da ta gama idda yana nan.

"Kai da ke riƙe da sifana kake faɗa mini haka?"

"Shi ya sa nake cewa ka riƙa gaishe ni da safe."

Dabararsa ta farko ita ce ta kowane gareji a ƙasar nan. In injekta ta ba mu wahala, sai mu tumɓuke ta mu dasa kafireto, a huta da waya. Ya yi hakan. Motar ta tashi, gaskiya ta tashi, amma tana tari kamar tsoho mai shan taba. In na taka sai ta shaƙe, in na saki sai ta mutu. Na sunkuya ina leƙen kafireton yana ba ta wuta, sai ta yi wata irin atishawa, harshen wuta ya fito ya lashe mini rabin gemu. Na je masallaci da rawani har haɓa, a tsakiyar zafin bazara.

Muka maido da injekta, muka aika Kano aka sayo mana akwatin Kwatano irin na injin. Muka jona. Ta tashi da wata murya mai daɗi, na fara hamdala, kafin in ƙarasa ta mutu. Muka sake, haka. Wani rewaya ya duba ya ce akwatin nan makullinsa na asali yake nema, wanda aka baro a Turai. Kullum in ya farka sai ya tambaya, in bai ji amsa ba ya ɗauka ɓarayi ne, ya rufe mai. Wato ni, da gemuna, ko da yake rabi ne, akwati ke kira ɓarawo. Ga shi Sha'aban ya kama, ya fara raba tsakiya. Na daina cin tuwo sosai. Na fara lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba, kamar yadda Hajiya take tsame mini naman miya ta tura gefena.

Rewayan nan ne ya ba mu labarin wani mutum a Kano da ke sa wa tsofaffin motoci wani irin akwati na daban. Shi wannan akwatin fanko yake zuwa, bai san kowace mota ba, bai san kowane makulli ba, sai abin da aka koya masa da kwamfuta. Muka kira shi. Ya ce sai ya yi odarsa. Muka yi ta jira, ni ina duban sama ina ganin wata yana ramewa.

Ya iso ana saura 'yan kwanaki. Magidanci ne mai sanyin magana, furfura ta fara taɓa shi. Ya kwashe wayoyin da muka cukurkuɗa ya shimfiɗa nasa, ya ɗaure akwatin a ƙarƙashin kujera. Sannan ya zauna a gefena da kwamfuta a cinya, ya ce in ja mu tafi hanyar Dutsi. Muka yi ta kai da komo. Ya ce taka, in taka. Ya ce saki, in saki. Yana kasa kunne yana danne-danne. Ya tambaye ni inda nake shan mai, na ce wajen 'yan bumburutu, duk wanda na tarar. Ya girgiza kai ya ce to bari ya ja wutar baya kaɗan, don man galan yau mai kyau ne, gobe Allah ne masani. Ina ji a tafin ƙafata motar tana sauyawa. Tarin ya tafi. Da na taka sosai sai ta manna ni da kujera, salansa ta yi rurin da ya watsa tumaki a gona. Na yi ihu kamar yaro.

Muka dawo ƙofar gida, yana ƙarasa aiki, sai ya ce, "Baba, akwai abu ɗaya da na sa mata. In inji ya yi zafin da ya wuce kima, akwatin zai rage masa ƙarfi da kansa. Ko ka taka ba za ta yi gudu ba, sai dai ta lallaɓa."

Na ce, "Cire. Ni da na shekara nawa ina tuƙi, akwati ne zai ce mini in yi a hankali? Ina da ido, ina ganin allurar zafi."

Ashe Hajiya tana zaure, ta kawo wa baƙo fura. Ta ajiye kwanon ta ce, "Ɗan nan, mene ne yake cewa a cire?"

"Kamar linzami ne, Hajiya. In ta wahala sai ya ja ta."

"In babu shi fa?"

"Sai ta yi ta gudu har injin ya ƙone."

Ta juyo ta dube ni, ta dubi rabin gemuna, ta koma kansa. "Auren wa aka rataya a motar nan, nasa shi kaɗai ne ko har da nawa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"To a bar shi. Shi ma da an sa masa irinsa tun yana yaro, da ba mu zo nan ba."

Aka bar shi.

Kafin a gama ɗaure-ɗaure da gwaje-gwaje, ranar da za a nemi wata ta zo. Liman ya ce sai da shaidu biyu. Aka tsayar da na'ibi da taubashina. To amma kujera biyu ce a motar, kuma da na fito da hantsi na tarar Hajiya ta riga ta shige ɗayar, ta yafa mayafin zuwa biki, carbi a hannu.

"Ina zuwa?"

"In za a sake ni, a sake ni ina gani. Ba zan zauna a gida a aiko mini ba."

Shaidu suka hau babur, taubashina ke ja, na'ibi a baya yana riƙe hula.

Tafiyar zuwa ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta. Da muka fita gari na ba ta wuta. Bishiyoyi suka riƙa wucewa kamar ana jifa da su. Muka shige Zango, mutane suna miƙewa daga kan benci. Hajiya ta kama mayafi da haƙori, carbin nan yana gudu a hannunta kusan kamar motar. Ta ce in rage, na ce ban ji ba, iska ta yi yawa. Na duba madubi, babu babur, babu alamarsa.

Wannan ne ya cuce ni. Mun isa Babban Mutum, amma isowar da shaidu ba su gani ba ba isowa ba ce. Dole muka tsaya a bakin kasuwa muna jiransu. Kashe mota kuwa ba zan yi ba, ni da bakina na ce ba mutuwa a hanya, kuma ba na son a zo ana ja-in-ja a kan ko kashewa mutuwa ce. Injin ya yi ta aiki a tsaye cikin rana tsaka, babu iskar da ke dukan lagireto. Muka yi azahar bi da bi, ɗaya na salla ɗaya na gadin makulli. Can sai ga su sun ɓullo, fuska duk ƙasa. Na'ibi ya sauko yana ɗingishi, ya dafa motar ya ce ya gani. Muka juya.

Mun wuce Baure kaɗan na ji wani wari kamar an bar tukunya a wuta. Allurar zafi ta tashi tsaye. Kafin in ce wani abu motar ta yi laushi a ƙafata. Na taka, ta ƙi. Na taka har ƙasa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Na gangara gefe ina jiran in ji shirun da zai raba ni da matata. Shirun bai zo ba. Injin yana nan yana bugawa a hankali, kamar numfashin mai barci.

Taubashina ya iso ya ɗaga bonet da gefen riga. Tsohon tiyon nan ne ya tsage, ruwa na tsartuwa. Na ce, "Ruwa ruwa ne, ko?" Ya yanko robar tsohon tub daga cikin kayansa, ya shiga naɗe tiyon alhali injin na aiki, fanka na juyawa dab da yatsunsa, ruwan zafi na zuba masa a hannu. Bai janye hannun ba. Mutumin da ya yi ta cewa yana jiran idda.

Ruwa ya rage a samo. Akwai wasu gidaje can cikin gona, mazan duk sun tafi kasuwa, ba mai shiga sai mace. Hajiya ta fita ta tafi da sallama. Jim kaɗan sai ga ta ta dawo, mata na biye da ita da tuluna da bokitai, suna dariya suna rufe baki. Na tambaye ta me ta ce musu.

"Gaskiya na faɗa. Na ce aurena ne ke tafasa a bakin titi."

Muka yi ta kwara wa lagireto ruwa a jiki har ya lafa, sannan taubashina ya buɗe murfin da tsumma ya ɗura a hankali. Muka cika jarkoki, na'ibi ya rungume ɗaya a babur, Hajiya ta ɗora ɗaya a cinya. Robar tana rage zubar, ba ta hana ta. Muka kama hanya.

Irin tafiyar da muka yi daga nan, ban taɓa yin ta ba ko da lodin siminti. In allura ta sauka akwatin ya ɗan sakar mini, in na samu sarari na taka, allura ta hau, ya sake kama ni. Daga baya na haƙura na bi yadda yake so. Mu tafi kaɗan, mu tsaya, a ƙara ruwa. Mai keke ya wuce mu da buhun gawayi. Wasu raƙuma suka wuce mu, na gaba ya leƙo ya dube ni ta sama. Sai ga amalanke, shanu biyu na ja, an loda taki. Mai ita ya jera da mu ya daɗe, sannan ya ce, "Sannu Alhaji. Akwai igiya, ko a ɗaura?"

Na ce, "Allah ya saka, wuce abinka."

"Ba komai fa, ba sai ka biya ba."

Hajiya ta ce, "Bawan Allah, ka wuce, in ka taɓa motar nan ka kashe aure."

Ya kaɗa shanunsa yana waiwayenmu. Muka bi bayan takin nan muna shaƙa har ya ratse.

Rana ta yi ta sauka a gabanmu, tana cikin idona, ba ni da ikon in ce ta dakata. Wajen Zango na ji hannun Hajiya a kan hannuna da ke riƙe da giya. Ba ta dube ni ba, titi take kallo. Ta bar shi a nan.

Muka shigo Daura rana ta yi ja, ta kusa taɓa rufin gidaje. Mutane sun fara taruwa a fili suna fuskantar yamma. Da muka karyo kwanar unguwarmu na ga majalisa a cike, har da waɗanda ba sa zama. Ba mai dariya. Motar ta gangara gindin darbejiya tana huci, na ja birki. Na'ibi ya sauko, ya ajiye jarka, ya dubi yamma, ya dubi jama'a, ya ce, "Ta je ta dawo. Ba a tura ba, ba a ja ba, ba ta mutu ba. Kuma ba a kira magariba ba."

Na kai hannu kan makulli zan kashe, sai Hajiya ta riga ni. Ita ce ta miƙo hannu ta murɗa.

Aka yi ta hamdala. Mai shayi ya ce yau kyauta ne. Taubashina ya zauna a kan benci yana hura hannunsa da ya yi bororo, ya ce, "Kai dai ka yi sa'a. Har na sa a yi wa ɗaki fenti." Na rungume shi, ya ce in sake shi, warin taki nake.

Hajiya ta fito da ƙyar tana dafa gwiwa, ta kakkaɓe mayafi. Ta ce, "Malam, in ka gama karɓar gaisuwa, babu tsamiya a gidan, kuma ga alama gobe azumi."

Na tafi sayen tsamiya da ƙafa. Ina hanya aka ce an ga wata.

Bayan Salla muka sa wa motar sabon lagireto da sabon tiyo. Mai kwamfuta ya zo ya sake dubawa, ya ce ba don linzamin nan da ya sa mata ba da injin ya ƙone tun kafin Zango. Ya tambaye ni, yanzu da komai ya daidaita, ko a cire. Na waiga zaure. Ƙunshin kwanukan nan Hajiya ta kwance shi tun daren farko na azumi, amma zanin ta ninke shi ta rataye a ƙusa, daidai inda nake ajiye makullin mota. Na ce masa ya bar shi.